Waiwaye: Yadda Lissafin Kashi 70 Ya Zama Mai Gadin Yara a Tallar Barasa a Amurka

Duk lokacin da aka tayar da maganar abin da yara ke gani a wayoyinsu, sai tallar barasa ta shigo ciki. Iyaye a Amurka na kokawa cewa ɗan shekara 14 na cin karo da hotunan kwalabe da shagali a shafukan sada zumunta, masana lafiya na neman a kafa doka, masu sana'ar kuma na amsawa da cewa suna da ƙa'idojin da suka ɗora wa kansu, kuma suna bin su. A watan Mayun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto kan yadda irin wannan talla ke tsallaka iyakokin ƙasashe ta intanet, wanda ke nufin abin da aka tsara domin mai kallo a wata nahiya yana iya faɗowa a wayar yaro a Kano ko Damagaram. Da yawa na ɗauka wayar hannu ce ta haifar da matsalar. Ruwa dai ba ya tsami banza. Wayar ta iske ƙofa a buɗe ne, kuma an daɗe da buɗe ta.

Farkon labarin sananne ne. Amurka ta haramta sayar da barasa daga 1920 zuwa 1933. Da aka ɗage haramcin, masu sana'ar sun san idon jama'a na kansu, sai suka ga gara su sa wa kansu linzami kafin a sa musu. Masu yin barasa mai ƙarfi irin su wiski sun janye daga rediyo a 1936 bisa raɗin kansu, suka haɗa da talabijin a 1948, ita kuwa giya ta ci gaba da fitowa a allo. Taba sigari doka ce ta kore ta daga rediyo da talabijin a farkon 1971, amma barasa aka bar ta a hannun masu ita. A 1984 majalisar tarayya ta matsa wa jihohi su mayar da shekarun sayen barasa 21. A 1996 Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Rhode Island da ta hana tallata farashin barasa, bisa hujjar 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma kafin ƙarshen wannan shekarar wancan hanin na sa kai da ya kusa shekara 50 a talabijin ya kau. Masu waiwaye kan tsaya a 1996, su ce nan gizo ya yi saƙa.

Ni a ganina, wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne watan Satumban 2003, kuma kusan ba a ambatarsa.

Ga yadda abin yake. Tunda hukuncin kotu ya sa hana talla da ƙarfin doka ya yi wuya, sai hankali ya koma kan wata tambaya ta dabam: a ina ya dace a sa tallar? Amsar da ke cikin ƙa'idojin sa kai a lokacin ita ce, a sa ta duk inda aƙalla rabin masu kallo ko karatu suka kai shekara 21. A 1999 hukumar kula da harkokin ciniki ta tarayya, FTC, ta nuna cewa wannan ma'auni ya yi sako-sako, domin 'yan ƙasa da 21 ba su wuce kusan kashi 30 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba. Shirin da rabin masu kallonsa yara ne, ai shirin yara ne. A Satumban 2003 ƙungiyoyin masu giya da masu barasa mai ƙarfi suka ɗaga ma'aunin zuwa kashi 70 na manya, kamar yadda masu giyar inabi suka riga suka yi. An yi maraba da matakin, kuma gaskiya ce ci gaba ne a kan abin da ake da shi. A shekarun da suka biyo baya yawan tallar da matasa ke gani a mujallu ya ragu sosai.

Sai dai a wannan watan ne kuma wani kwamitin masana na cibiyoyin kimiyya da lafiya na ƙasar ya fitar da nasa rahoton kan shan barasa tsakanin waɗanda ba su kai shekaru ba, ya ce inda ya kamata a dosa shi ne kada yara su wuce kashi 15 na masu kallo. Bambancin 30 da 15 ba cinikin kasuwa ba ne da za a raba a tsakiya. Kashi 30 ɗin ya ƙunshi kowa da kowa daga jariri na goye har ɗan shekara 20. Jariri ba ya karanta mujalla, ɗan shekara huɗu ba ya zaman kallon shirin dare. Waɗanda ke cikin haɗarin fara sha su ne 'yan shekara 12 zuwa 20, su kuma kusan kashi 15 ne na mutanen da suka kai 12 zuwa sama. To idan gurbin da aka ware wa dukkan yara su kaɗai suka cika shi, shiri na iya tara matasa ninki biyu na yawansu a cikin jama'a, kuma tallar da ke cikinsa ba ta karya ƙa'ida ko ɗaya ba. An ƙirga ƙannen da ba sa kallo, aka ba yayyensu kasonsu.

Lissafin kashi yana da wata makanta kuma. Ba ya ganin adadi. A ce wasan ƙwallo ya tara mutum miliyan 100, goma cikin ɗari kacal yara ne. Ya haye ma'auni da tazara mai yawa, amma yaro miliyan 10 ne ke zaune a gaban allon. Ƙaramin shiri mai masu kallo dubu 50 da kashi 35 nasu matasa ne shi zai faɗi jarabawar. Haka nan ma'aunin ba ya tambayar sau nawa yaro guda ya ga tallar a mako, ko abin da ke cikinta ya burge shi ko bai burge shi ba. Duk wanda ya taɓa jin ɗansa na rera waƙar tallar sabulu ko ta madara ba tare da an koya masa ba, ya san maimaici shi ke dasa abu a zuciya, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan lamba ta sauya tambayar da al'umma ke yi wa kanta. A 1948 tambayar ita ce ko ya dace wannan abu ya shigo falon da yara ke zama. Daga 2003 ta koma: an cika kashi 70 ko ba a cika ba? Tambaya ta biyun tana da daɗin amsawa, domin akwai kamfanonin da ke ƙirga masu kallo, akwai takardu, akwai alƙaluma. Rahoton FTC na 2014 ya gano cewa sama da kashi 90 na tallace-tallacen da aka duba sun cika ma'aunin, kuma ban ga dalilin shakkar hakan ba. Amma wata cibiyar bincike kan tallar barasa da matasa a Jami'ar Johns Hopkins ta gano cewa tsakanin 2001 da 2009 yawan tallar barasa da matasa ke gani a talabijin ya ƙaru da kashi 71, galibi ta tashoshin da ake biyan kuɗi a kama. Duka biyun gaskiya ne a lokaci guda: ana bin ƙa'ida, yara kuma na ƙara gani. Kowane ɓangare na riƙe da alƙalumansa, shi ya sa muhawarar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Wasu ƙasashen ba su bi wannan hanya ba. Norway ta hana tallar barasa da doka tun 1975. Faransa a 1991 ta fitar da ita daga talabijin da sinima da ɗaukar nauyin wasanni, ta kuma taƙaita abin da talla za ta iya faɗa ga bayani zalla, kamar asalin abin da sinadaransa. Su ma suna da nasu ƙalubalen, amma ba su ɗora kariyar yaro a kan kason masu kallo ba.

Da intanet ta zo, wannan ma'aunin aka ɗauko aka ɗora mata. A talabijin aƙalla akwai mai ƙirga daga waje. A shafukan sada zumunta shekarun mutum sau da yawa su ne abin da ya rubuta da hannunsa ranar da ya buɗe shafi, kuma ɗan shekara 12 ya iya rage lamba daga shekarar haihuwa. Ga kuma hoton da aboki ya tura wa aboki, da bidiyon wani mai farin jini riƙe da kofi, waɗanda ba sa shiga kowane lissafi.

Lambar kanta ta ɗan motsa. Bayan ƙidayar jama'a ta 2010 ta koma 71.6, bayan ta 2020 ta haura 73. Dalilin ƙarin shi ne an ɗaure ta da yawan manya a ƙasar, jama'ar Amurka kuma na ƙara tsufa. Wato duk lokacin da tsofaffi suka ƙaru sai ma'aunin ya ɗan tsananta, ba don an gano wani sabon abu game da abin da yara ke gani ba. Shawarar kashi 15 ta Satumban 2003 tana nan a rubuce, yaran da aka haifa a shekarar da aka ba da ita kuma sun riga sun kai shekarun da doka ta yarda su saya.