Tausayi a larurar rashin tsayayyen hali

Larurar rashin tsayayyen hali, wadda likitocin Nijar ke rubutawa da Faransanci "état limite", matsala ce ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Alamominta sun haɗa da saurin juyawar zuciya, mugun tsoron a guji mutum, zaman tare mai hawa da sauka, wani lokaci har da cutar da kai. Adolph Stern ya bayyana ta a Amurka a 1938, ta shiga DSM-III, kundin da likitocin Amurka ke jera cututtukan ƙwaƙwalwa a ciki, a 1980. Tana shafar kusan mutum 1 zuwa 2 cikin 100.

Ana yawan yi wa masu ita kallon marasa tausayi, amma bincike bai goyi bayan wannan hukunci ba. Masana sun raba tausayi gida biyu: akwai jin zafin da wani ke ji, akwai kuma gane abin da ke ransa da dalilinsa. A 2010, Harari da abokan aikinsa a Isra'ila sun samu cewa na farkon yana da ƙarfi a wurin masu larurar, na biyun ne ke da rauni. Masu halin rashin imani da ake kira saikofat akasin haka suke: suna iya karanta mutum sarai, zafinsa ne ba ya taɓa su.

Tun 1974 Alan Krohn ya lura da yadda waɗannan majinyata ke tsinto abin da mutane ke ɓoyewa. A 2009 Eric Fertuck ya gwada su da jarrabawar hotunan idanu 36 ta Simon Baron-Cohen, inda ake gane abin da mutum ke ji daga idanunsa kaɗai, suka fi masu lafiya ci. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba duka suka maimaita wannan sakamako ba, kuma idan aka nuna musu fim na mutane suna mu'amala, kuskure ya kan yawaita. Carla Sharp ta nuna a 2011 irin kuskuren a tsakanin matasa: fassarar da suke yi wa nufin mutane ce ke wuce gona da iri.

A ɗauki misalin amarya mai wannan larura a wani gida a Birni, cikin Damagaram. Ta ce, "Inna, ina kwana?" uwar mijin ta amsa a taƙaice. Amarya ta ga sauyin fuskar daidai, domin kuwa tsohuwar ba ta samu barci ba. Sai dai kafin azahar ta riga ta yanke cewa an tsane ta, ana shirin sa a sake ta. A gidan da kunya da kara ke hana a faɗi abin da ke zuci, shiru ya kan ƙara wa irin wannan zato wurin zama. Haka nan idan damuwar wani ta cika mata ciki, tana iya tashi ta bar wurin ko ta yi tsawa, masu kallo kuwa su ce ba ta da imani.

Marsha Linehan ta danganta larurar da haɗuwar zuciya mai saurin kamuwa tun haihuwa da tarbiyyar da ke ƙaryata abin da yaro ke ji. A ƙasar Hausa sau da yawa iskoki ko sammu ake fara zargi, a nufi malam kafin likita.

Babu ƙwayar da aka amince da ita musamman don larurar. Maganinta na zaman tattaunawa ne: tsarin DBT na Linehan yana koyar da sarrafa zuciya, na MBT kuma, wanda Anthony Bateman da Peter Fonagy suka tsara a Ingila, yana horar da majinyaci ya dakata ya tambayi mutum nufinsa kafin ya yanke hukunci.