Shin yawan masu digirin digirgir na nuna ƙasa ta iya ƙirƙira? Tambayoyi da amsoshi

Duk sa'ad da aka tashi jera ƙasashe bisa ƙwazonsu a ƙirƙire-ƙirƙire, akwai adadin da ba a rasa shi a teburi: mutum nawa ƙasar ke yayewa kowace shekara da digirin digirgir a kimiyya da fasaha. Ministoci na son ambatonsa, jami'o'i na tutiya da shi. Ga abin da adadin ke iya faɗa, da inda yake yin shiru.

Me ya haɗa digiri na uku da ƙirƙira tun farko?

A digiri na farko da na biyu, galibi ɗalibi na koyon abin da aka riga aka sani ne. Na uku kuwa ba a ba mutum shi sai ya kawo abin da babu shi a littafi, ya kuma kare shi gaban masana. Shekara uku zuwa shida yana fama da tambaya guda, gwaji ya ƙi, ya sake. Wannan horon ake ƙirgawa.

Tsarin ya kankama ne a Jamus bayan kafa jami'ar Berlin a 1810, Amurka ta ɗauka daga baya, inda jami'ar Yale ta ba da nata na farko a 1861. A Jamus ɗin aka fara ganin amfaninsa a kasuwa. Kamfanonin rini da magani irin su BASF da Bayer sun riƙa kwasar masana sinadarai daga jami'o'i suna gina musu ɗakunan gwaje-gwaje. A 1909 Fritz Haber ya nuna a Karlsruhe cewa ana iya haɗa ammoniya, sinadarin da ake yin takin zamani da shi, daga iska da wata 'yar na'ura da ke kan teburi, ruwan na ɗigowa kaɗan-kaɗan. Da nan aka tsaya, da labarin bai wuce mujallar masana ba. Sai BASF ya damƙa aikin ga Carl Bosch da tawagarsa. Tukwanen ƙarfe suna tsagewa saboda zafi da matsi, aka sake musu fasali. Aka gwada dubban sinadarai kafin a dace da mai araha da zai hanzarta haɗin. A 1913 masana'antar Oppau ta fara aiki. Takin zamanin da manomi ke saye a yau daga can ya samo asali.

Su wa ke wannan awo, kuma yaya suke yi?

Hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, na ƙirga duk wanda ya kammala digirin bincike a ƙasar tun ƙarshen shekarun 1950. Tarayyar Turai na da allon awon ƙirƙira da take fitarwa kowace shekara, kuma cikin ma'aunansa akwai yawan sababbin daktocin kimiyya da fasaha idan aka kwatanta da matasa 'yan shekara 25 zuwa 34. Akwai kuma jadawalin duniya da aka fara a 2007, wanda WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar ƙirƙira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Geneva, ke wallafawa. Shi yana haɗa ma'aunai wajen 80: yawan masu bincike cikin kowane mutum miliyan ɗaya, kuɗin da ake kashewa a bincike, takardun mallakar ƙirƙira, kayan fasaha da ake fitarwa waje, da sauransu. Masu wannan jadawali sun raba abin da ƙasa ke zubawa da abin da take girba, kuma horar da masana yana ɓangaren zubawa.

Wace ƙasa ce kan gaba?

Ya danganta da yadda aka yi lissafin. In jimilla ake nufi, China ce. A 1983 ne ta yi bikin yaye daktocinta na farko a sabon tsari, mutum 18 kacal, a babban zauren jama'a na Beijing. Wata cibiya ta jami'ar Georgetown ta lissafa a 2021 cewa tun wajen 2007 China ta wuce Amurka a yawan daktocin kimiyya da injiniyanci, kuma a 2019 ta yaye kusan 49,500 yayin da Amurka ta yaye kusan 33,800.

In kuwa aka raba da yawan jama'a, sai ƙananan ƙasashe su yi sama. A Suwizalan kusan kashi 3 cikin 100 na manya masu shekarun aiki na da digiri na uku, alhali matsakaicin ƙasashe masu arziki bai wuce kashi 1 da ɗoriya ba. Ita ce kuma ke zuwa ta ɗaya a jadawalin WIPO tun 2011.

Ɗalibin da ya je wata ƙasa ya yi karatu, wa za a rubuta wa shi?

Nan lissafin ke fara rikicewa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu kammala digirin digirgir a Amurka baƙi ne, 'yan China da Indiya ne kan gaba a cikinsu, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka yi kimiyya da injiniyanci suna nan a ƙasar shekara biyar bayan kammalawa. Ƙasarsu ta biya kuɗin firamare da sakandare da digiri na farko, wata ta ci moriya.

Wani lokaci kuma ruwan na juyawa. Morris Chang, haifaffen China, ya yi digirinsa na uku a jami'ar Stanford ta Amurka a 1964, ya shafe shekara 25 a kamfanin Texas Instruments, sannan gwamnatin Taiwan ta gayyato shi a 1985. A 1987 ya kafa TSMC, kamfanin da a yau ke ƙera mafi ingancin ƙwaƙwalwar wayoyi da kwamfutoci a duniya. A teburin ƙirgar digiri, Amurka aka rubuta wa shi. Masana'antar kuwa tana birnin Hsinchu na Taiwan.

To in ƙasa ta ninka daktocinta, ƙirƙirarta za ta ninku?

A'a. Ƙirga shanun huɗa daban, ƙirga dami daban.

Japan ta gwada. A shekarun 1990 ta faɗaɗa karatun gaba da digiri sosai, har a 1996 ta sa burin samar da gurabe 10,000 ga masu bincike da suka gama digiri na uku. Burin ya cika, amma jami'o'i ba su da kujerun dindindin da za su ba su, kamfanoni kuma sun fi son ɗaukar matashi mai digiri na biyu su horar da shi da kansu. Aka wayi gari da dubban masana na yawo daga kwantiragi zuwa kwantiragi, har gwamnati ta koma ba kamfanoni kuɗi don su ɗauke su. Matasa suka ga abin da ya samu yayyensu, masu shiga karatun suka fara raguwa bayan 2003. Tarayyar Sobiyet ma ta tara masana ba adadi, ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957, amma ba ta iya ƙera talabijin ko mota da duniya ke rububin saye ba, don babu hanya daga cibiyar bincike zuwa kasuwa.

Koriya ta Kudu ta bi ta wata ƙofa. Ta kafa cibiyar binciken kimiyya da fasaha ta KIST a 1966, ta yi ta zawarcin 'yan ƙasarta da ke aiki a Amurka da Turai da albashi mai tsoka da gidaje, kuma aikin cibiyar shi ne warware matsalolin masana'antu. A 1971 ta buɗe makarantar da daga baya ta zama KAIST, don horar da injiniyoyin da kamfanoni ke nema. Yau tana kashe wajen kashi 5 cikin 100 na abin da tattalin arzikinta ke samarwa a bincike, kaso mafi tsoka daga aljihun kamfanoni, kuma mafi yawan masu bincikenta a kamfanoni suke aiki. A ganina, in tambaya ɗaya za a yi wa kowace ƙasa, a tambaye ta inda daktocinta ke zuwa aiki ranar Litinin da safe.

Ba a ƙirƙira sai da digiri na uku ke nan?

Ana yi mana. M-Pesa da aka fara a Kenya a 2007 ta sauya harkar kuɗi da saƙon waya kawai. Larry Page da Sergey Brin ajiye karatun digirin digirgir suka yi a Stanford suka kafa Google a 1998, ko da yake daga binciken nasu kamfanin ya fito. Sai dai a fannin magani, rigakafi, irin shuka da batir, da wuya a yi nisa ba tare da masu wannan horo ba.

Ba a yin magudi a adadin?

Da zarar an ce da shi za a auna mutum, sai a fara neman sa ta kowace hanya. In ƙarin girma ya dogara da takarda, za a samu malami ɗaya na duba ɗalibai fiye da ƙarfinsa, a samu kundin da ba wanda ya karanta in ban da masu jarrabawa, a samu mujallun da ke buga komai in an biya. A teburi kuwa, wanda ya yi shekara biyar a ɗakin gwaje-gwaje da wanda ya kwafo duk ɗaya-ɗaya ne.

Ina Afirka a wannan lissafi?

Ƙasashen nahiyar sun daɗe da alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikinsu ga bincike, kuma akasarinsu ba su kai ba. Afirka ta Kudu ta rubuta burinta ƙarara: daktoci 100 cikin kowane mutum miliyan ɗaya a shekara kafin 2030. A Najeriya asusun TETFund na ɗaukar nauyin malamai su ƙaro karatu, amma kusan dukkansu aji suke komawa, saboda kamfanonin da ke da sashen bincike ba su taka kara sun karya ba.

Inda aka haɗa masana da masu buƙata, ana ganin aiki. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, ƙarƙashin jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe tana fitar da irin masara da dawa da gyaɗa da wake. A 2019 aka amince da irin waken SAMPEA 20-T, wanda tawagar Farfesa Mohammad Ishiyaku ta yi aiki a kansa tare da abokan hulɗa na waje, don ya jure wa tsutsar da ke cinye fure da kwanson wake. Manomin da ke feshi sau shida ko takwas a damina yana iya ragewa zuwa biyu, muddin kamfanonin iri sun yawaita shi ya isa shagon ƙauyensu kafin lokacin shuka.