Tsufan kadara, ƙarewar ma'adini da cinyewar wa'adi a bayanan kuɗin kamfani

Tsufan kadara, ƙarewar ma'adini da cinyewar wa'adi hanyoyi ne uku da akantoci ke bi wajen rarraba kuɗin da aka kashe a kan kadara mai daɗewa, ta yadda kowace shekarar da ta ci moriyar kadarar za ta ɗauki rabonta na wannan kuɗi. Ta farko, wadda a ofisoshi ake kira difirisiyeshan, ta shafi abin da ake gani a taɓa, kamar inji, mota da gini. Ta biyu ta shafi abin da ake haƙowa daga ƙasa ya tafi ba dawowa, kamar farar ƙasa, kwal da ɗanyen mai. Ta uku kuwa ta shafi haƙƙin da ba shi da jiki amma yana da wa'adi, kamar lasisi da manhajar kwamfuta. Dukkansu ukun rabon farashin saye ne a kan shekaru. Ba su nuna abin da kadarar za ta yi a kasuwa yau, kuma ba kuɗi ba ne da aka ware aka ajiye a banki, duk da cewa masu ƙananan hannayen jari da yawa haka suke ɗaukarsu.

Tarihi

Tunanin cewa abu yana rage daraja da shekaru tsoho ne ƙwarai. Maginin Rum Bitirubiyas, wanda ya rayu a wajajen ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, ya ambaci cewa masu yi wa bango ƙima sukan cire kashi ɗaya cikin tamanin na kuɗin gininsa a kan kowace shekarar da ya yi a tsaye. Sai dai wannan ƙima ce ta ciniki, kuma ƙarnuka da dama sun shuɗe kafin a mayar da abin lissafin da ake yi duk shekara. Fataken da ke juya kaya da sauri ba su da babbar buƙatarsa, domin dukiyarsu tana cikin hajar da ke shiga tana fita.

Jirgin ƙasa ne ya tilasta maganar. Kamfanonin dogo na Ingila a shekarun 1830 da 1840 sun zuba jari mai yawa a ƙarafa, gadoji da kawunan jirgi, kuma a shekarun farko, lokacin da komai sabo ne ba ya neman gyara, ribar takan fito da ƙiba fiye da gaskiyarta. Wasu kamfanonin sun buɗe asusun tsufan kaya, sannan suka yi watsi da shi da zarar ya fara cin rabon masu hannun jari. Da asirin Joj Hadson, wanda ake yi wa laƙabi da sarkin dogo, ya tonu a 1849, an gano cewa daga cikin jarin mutane ake biyan su abin da ake kira riba. A 1878 dokar harajin Birtaniya ta yarda a rage wa masu masana'antu wani abu saboda lalacewar injina.

Kotunan Ingila sun daɗe ba su karɓi ra'ayin gaba ɗaya ba. A wata shari'a ta 1889 da ta shafi kamfanin da ke haƙar kwalta a Nushatel ta ƙasar Suwizalan, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa kamfani na iya raba riba ba tare da ya cire komai ba saboda ma'adinin da yake cinyewa. Akantocin zamanin sun soki hukuncin sosai, domin a ganinsu mai sayar da gonarsa kadada-kadada yana kiran kuɗin riba, jarinsa yake ci. A Amurka hukumar da ke kula da sufuri tsakanin jihohi ta wajabta wa kamfanonin dogo lissafa tsufan kayan aikinsu a 1907, kuma a 1909 Kotun Ƙoli, a shari'ar kamfanin ruwa na birnin Noksbil, ta amince cewa tsufan kadara kashe kuɗi ne na gaske wanda dole a lura da shi.

Ƙa'idojin duniya na yau sun biyo baya da nisa. Su ne ake kira IAS da IFRS, kowace da lambarta. An fitar da IAS 16, mai magana a kan filaye, gine-gine da injina, a 1982, IAS 38 ta kadarorin da ba su da jiki a 1998, sai IFRS 6 ta binciken ma'adinai a 2004. A Najeriya hukumar tsara ƙa'idojin akanta da aka kafa a 1982 ta yi nata ƙa'idojin, ciki har da SAS 9 a kan tsufan kadara, wadda ta fito a wajajen ƙarshen shekarun 1980. Wata doka ta 2011 ta maye gurbin hukumar da Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi ta Najeriya, kuma daga 1 ga Janairu 2012 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suka koma ƙa'idojin IFRS.

Tsufan kadara

Abubuwa uku ake buƙata kafin a yi lissafin: farashin kadarar har zuwa lokacin da ta zama a shirye don aiki, wanda ya haɗa da kuɗin kwastan, dako da girkawa, sai tsawon shekarun da ake sa ran za ta yi amfani, sai abin da ake tsammanin za a samu idan an sayar da ita a ƙarshe. Na farko ne kaɗai ke da rasit. Sauran biyun hasashen mahukuntan kamfani ne, kuma nan ne mai karanta bayanan kuɗi ya kamata ya fi zuba ido.

Hanyar da aka fi bi ita ce rabon daidai. A ɗauka wani kamfanin casar shinkafa a Gombe ya girka inji a kan naira miliyan 60, yana sa ran zai yi shekara 9, a sayar da ragowarsa miliyan 6. Miliyan 54 ake rabawa tara, kowace shekara ta ɗauki miliyan 6. Bayan shekara huɗu an tara miliyan 24, injin kuma yana zaune a littafi a kan miliyan 36, ko da kuwa faɗuwar naira ta sa irinsa ya haura miliyan 100 a kasuwa.

Hanya ta biyu tana cire wani tsayayyen kaso daga abin da ya rage a littafi duk shekara, don haka nauyin yakan faɗa wa shekarun farko. Tirelar da aka saya miliyan 80 aka ɗora mata kashi 25 cikin ɗari za ta ci miliyan 20 a shekarar farko, 15 a ta biyu, 11.25 a ta uku. Duk wanda ya taɓa sayar da motar da ta yi shekara guda tana jigila tsakanin Bauchi da Gombe ya san dalilin wannan tsari. Hanya ta uku tana bin aikin da kadarar ta yi, wato kilomita ko sa'o'i ko yawan buhunan da inji ya fitar.

Ba a lissafa wa fili tsufa, sai dai ginin da ke kansa. IAS 16 ta kuma ce idan kadara tana da manyan sassa masu bambancin rai, a raba su: bulon da ke cikin murhun siminti ana sauya shi sau da yawa kafin gangar murhun ta tsufa, saboda haka kowanne da nasa lissafin. Idan hasashen shekaru ya canza, ana gyarawa ne daga nan gaba, ba a komawa a taɓa shekarun da suka wuce.

Ƙarewar ma'adini

Lissafin nan kusan kullum da awo ake yin sa. Ana tara kuɗin mallakar wurin haƙa, na buɗe shi, da ƙiyasin abin da za a kashe wajen gyara ƙasar bayan an tashi, a raba da yawan ma'adinin da masana suka ce za a iya fitarwa. Idan ramin farar ƙasa ya ci naira biliyan 2 kuma ana ƙiyasta tan miliyan 10 a cikinsa, kowane tan yana ɗauke da naira 200. Shekarar da aka haƙo tan 400,000 za a rubuta miliyan 80. Wannan kuɗi yana fara shiga farashin kayan da ke sito, sai an sayar da su yake zama kashewa a lissafin riba.

Jihar Gombe tana da misalin da ya haɗa nau'o'in a wuri guda. Kamfanin siminti na Ashaka, a ƙaramar hukumar Funakaye, wanda ya fara aiki a 1979, yana haƙar farar ƙasa kusa da masana'antarsa, yana kuma amfani da kwal daga Maiganga a ƙaramar hukumar Akko. Murhunsa da motocinsa tsufa suke yi, ramukansa ƙarewa suke yi, izinin haƙar kuwa wa'adinsa ke tafiya. Man Kolmani da ke kan iyakar Bauchi da Gombe, wanda aka sanar da gano shi a Oktoban 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Nuwamban 2022, yana nuna matakin da ke gabanin haka: kuɗin bincike ana tara shi ne a matsayin kadara, kuma lissafin ƙarewa ba ya farawa sai an fara fitar da mai don sayarwa.

Kamfanonin mai sun rabu biyu a kan rijiyar da aka haƙa ba a sami komai ba. Wasu suna rubuta ta asara nan take, wasu suna haɗa ta da sauran kuɗin bincike su raba a kan man da aka samu a wasu rijiyoyin. A Amurka akwai kuma rangwamen haraji da ake lissafawa daga kuɗin shiga, wanda aka sa shi kashi 27.5 cikin ɗari a 1926, aka rage zuwa 22 a 1969, aka kuma janye shi daga manyan kamfanoni a 1975.

Cinyewar wa'adi

Misalin da 'yan Najeriya suka fi sani shi ne lasisin wayar salula da aka yi gwanjonsa a Janairun 2001 a kan dala miliyan 285 kowanne, na tsawon shekara 15. Rabon daidai yana ba da dala miliyan 19 duk shekara. Yawanci ba a sa wa irin wannan kadara ragowar ƙima, domin ranar da wa'adi ya cika babu abin sayarwa. Sunan da kamfani ya gina da kansa ba ya shiga littafi.

Rarar da ake biya sama da ƙimar kadarori idan an sayi wani kamfani, wato kuɗin suna da kwastomomi, ana saɓani a kanta. A da ana raba ta a kan shekaru, har zuwa 40 a Amurka. An daina hakan a can a 2001, a IFRS kuma a 2004, aka koma gwada ta duk shekara a ga ko ta faɗi. Masu suka suna cewa gwajin yakan makara. Hukumar IFRS ta sake duba batun a 2022 ta bar shi yadda yake.

Inda suke fitowa a bayanan kuɗi

A lissafin riba da asara dukkansu ukun suna rage riba, sau da yawa a ɓoye cikin kuɗin sarrafa kaya da na gudanarwa. A jadawalin kadara da bashi, abin da aka tara ana cire shi daga farashin saye. A bayanin shiga da fitar tsabar kuɗi ana mayar da su kan riba, tun da ba a biya kowa ko kwabo ba a shekarar. Cikakken bayani yana cikin ƙarin bayanan da ke bayan rahoto, inda ake jera shekarun da aka ba kowane rukuni, shafukan da ba kasafai ake buɗe su a taron masu hannun jari ba.

Saboda hasashe ne ke riƙe da lissafin, an sha yin maguɗi ta nan. Kamfanin kwashe shara na Amurka Waste Management ya gyara ribarsa da kusan dala biliyan 1.7 a 1998, bayan an gano yana tsawaita ran motocinsa yana kumbura ragowar ƙimarsu. A 2002 kamfanin sadarwa na Amurka WorldCom ya amsa cewa ya rubuta kimanin dala biliyan 3.8 na kuɗin yau da kullum a matsayin kadara don ya jinkirta nauyinsu. Ma'aunin EBITDA, wato riba kafin a cire ruwan bashi, haraji, tsufa da cinyewar wa'adi, yana da amfani wajen kwatanta kamfanoni, amma attajiri Waran Bafet ya daɗe yana sukar sa da cewa yana ɗaukar injina kamar ba sa neman canji.

Haraji

Hukumar haraji ta Najeriya ba ta karɓar adadin tsufan da kamfani ya rubuta wa kansa. Ana mayar da shi kan riba, a ba da rangwamen jari bisa kason da doka ta ƙayyade wa kowane irin kadara, kuma tazarar da ke tsakanin lissafin biyu ita ce ke haifar da harajin da aka jinkirta wanda ake gani a jadawalin kadara da bashi.