Waiwaye: wai shin MAGA ɗin nan jam'iyya ce ko tafiyar mutum ɗaya?

Mutane da yawa in sun ji an ce 'yan MAGA sai su ɗauka wani suna ne kawai na jam'iyyar Rifablikan ta Amurka, alhali ba haka abin yake ba. Jam'iyyar tun 1854 take, ita ce ta su Lincoln da Reagan da su Bush uba da ɗa. MAGA kuwa tafiya ce da ta tsiro a cikinta, ba ta da rajista, ba ta da katin zama mamba, jar hula ce da taken dawo da martabar Amurka (Make America Great Again, inda aka samo sunan MAGA) da kuma Donald Trump. Taken ma ba nasa ba ne tun asali, Reagan ya yi kamfe da kusan irinsa a 1980, shi Trump sai a ƙarshen 2012 ya nemi a yi masa rajistarsa bayan Mitt Romney ya sha ƙasa hannun Obama.

Toh amma fushin da tafiyar ta hau kai ya girmi siyasar Trump nesa ba kusa ba. A 1992 Pat Buchanan, wani ɗan Rifablikan mai ra'ayin riƙau, ya ƙalubalanci shugaba Bush babba a zaɓen fidda gwani yana cewa Amurka farko, a rage baƙin haure, a daina yarjeniyoyin cinikin da ke rufe masana'antu, ya samu sama da kashi ɗaya cikin uku a jihar New Hampshire amma manyan jam'iyya suka share shi. A shekarar kuma Ross Perot da ya tsaya indifenda ya kwashi kusan kashi 19 cikin ɗari na ƙuri'u. Sai NAFTA, yarjejeniyar ciniki tsakanin Amurka da Kanada da Meziko, ta fara aiki a 1994, Sin ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya a 2001, ga yaƙin Iraƙi na 2003 da 'ya'yan talakawa suka je suka mutu, ga karyewar tattalin arziki a 2008 inda gwamnati ta ceto bankuna mutane kuma suna rasa gidajensu, duk wannan yana taruwa a zuciyar ma'aikacin da masana'antar garinsu ta rufe, kuma wallahi kukansa na gaskiya ne, jam'iyyun biyu duk sun yi masa kunnen uwar shegu. 'Yan Tea Party, wata tafiyar masu ra'ayin riƙau a cikin Rifablikan, suka ɓullo a 2009, har suka kayar da Eric Cantor, jagoran masu rinjaye a majalisar wakilai, a fidda gwanin 2014. Abin da suka rasa shi ne madugu.

Ranar 16 ga Yuni 2015 Trump ya sauko ta matakalar lantarki a beninsa na New York ya ce zai yi takara. Mutumin da ya taɓa zama ɗan Dimokurat, bai taɓa riƙe ko kansila ba, ya bi 'yan takara 16 ya tsinke su a fidda gwanin Rifablikan, har da gwamnoni da sanatoci.

Daga nan ne ake ta rigimar yadda za a fassara tafiyar. Wasu su ce aƙida ce: tsaurara iyaka, haraji kan kayan waje, gudun yaƙe-yaƙen ƙetare, da ƙin jinin manyan Washinton. Akwai gaskiya a ciki. Amma ni abin da na fi yarda da shi, ma'aunin ɗan MAGA biyayya ce ga mutumin, aƙidar tana biye. Ka duba 2020, jam'iyyar ko sabon kundin manufofi ba ta rubuta ba, ta ce tana goyon bayan ajandar shugaban ƙasa, shikenan. Bayan harin da magoya bayan Trump suka kai majalisa ranar 6 ga Janairu 2021, 'yan Rifablikan 10 suka kaɗa ƙuri'ar tsige shi a majalisar wakilai, biyu kacal suka dawo bayan zaɓen 2022. Liz Cheney fa 'yar tsohon mataimakin shugaban ƙasa ce, mai ra'ayin riƙau ta gidi, ta sha goyon bayan dokokin Trump, amma laifi ɗayan nan na kaɗa ƙuri'ar tsige shi ya sa aka kayar da ita a jiharta ta Wyoming. Shi kuwa JD Vance da ya daɗe yana caccakarsa, da ya yi mubaya'a sai ga shi mataimakin shugaban ƙasa. A 2024 surukar Trump, Lara Trump, ta zama ɗaya daga shugabannin uwar jam'iyyar.

Wannan ne yake damuna, domin jam'iyyar da ba ta da wanda zai iya ce wa jagora a'a ta rasa birki, ko da jagoran yana da gaskiya a wasu abubuwan. A Yunin 2025 da rikicin Iran ya taso irin su ɗan jarida Tucker Carlson suka ce shiga yaƙin ya saɓa wa Amurka farko, sai Trump ya ce shi ne mai yanke abin da kalmar take nufi. Haka Elon Musk da Steve Bannon, tsohon mashawarcin Trump, suka kwashi 'yan kallo kan bizar ƙwararrun baƙi, kowa yana cewa shi ne ɗan tafiya na asali. Kundin tsarin mulki kuma ya hana a zaɓi mutum shugaban ƙasa sau uku, Trump kuwa an zaɓe shi sau biyu, kenan a 2028 dole su tsayar da wani, kuma har yanzu ba su da rubutacciyar ƙa'idar da za su auna shi da ita.