Ciwon ƙoda: kada a jira sai jiki ya nuna

Ciwon baya ne alamar ciwon ƙoda?

Galibi a'a, kuma wannan zaton ne yake yaudarar mutane. Ƙoda takan yi shekara da shekaru tana lalacewa, mai ita yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa lafiya lau. Sai abin ya yi nisa ake ganin ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fuska ta tashi da safe, fitsari yana kumfa kamar an zuba omo, ga kasala da tashin zuciya.

To wa ya kamata ya je gwaji?

Masu hawan jini da masu ciwon suga ne a sahun gaba, ko da sau ɗaya a shekara, domin cututtukan nan biyu su suka fi kashe ƙoda. Sai mai irin ciwon a danginsa, da mazauna inda ya yi ƙamari, kamar Gashuwa a jihar Yobe.

Wane gwaji ake yi?

Ana ɗibar jini a auna sinadarin kiriyatinin, wato wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini, a lissafa ƙarfin tacewar ƙoda, sannan a duba fitsari ko furotin yana zuba. Idan lissafin ya zauna ƙasa da 60 fiye da wata uku, ciwon ya kama. Ƙasa da 15 kuwa ƙoda ta gaza.

Ana warkewa?

Abin da ya lalace ba ya dawowa, amma ana taka wa ciwon birki. A riƙe maganin hawan jini da na suga, ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a rana, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Kanwa ma a rage. A guji ibuprofen da diclofenac, waɗanda leburori ke saya a kemis duk yamma don ciwon jiki. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da man bilicin, don wasunsu na ɗauke da sinadarin makuri mai cutar da ƙoda.

Idan ta gaza fa?

Sai wankin ƙoda, wato tace jini da na'ura, yawanci sau uku a mako, kusan awa huɗu kowane zama, ko kuma dashe, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi a 2002. Kuɗinsu kan sa a sayar da gona. Wasu sukan koma wanki sau ɗaya a mako saboda rashin hali, wanda kuma ba ya isa.