Alkimiya: Tarihinta da Ma'anarta ta Ruhi

Alkimiya tsohon fanni ne na ilimi da sana'a wanda ma'abotansa suka yi ta ƙoƙarin juyar da ƙarafa masu araha, irin su dalma da tagulla, su koma azurfa ko zinariya, tare da neman maganin da zai warkar da kowace cuta ko ya ƙara tsawon kwana. An yi ta a Misira da Sin da Indiya da daulolin Musulunci da Turai har kusan shekara 2,000, kuma duk inda ta je sai an ɗaura mata ma'ana ta addini ko ta gyaran zuciya. Daga sunanta na Larabci, al-kimiya, Hausa ta samo kalmar kimiyya, wadda ɗaliban jami'a a Samaru da Kongo da ke Zariya ke furtawa kullum. Larabawan ma aro suka yi, ko dai daga kalmar Girkanci mai nufin narka ƙarfe da zuba shi, ko daga Kemet, wato baƙar ƙasa, sunan da Misirawan da can ke kiran ƙasarsu.

Tushen tunanin

Masu alkimiya sun ɗauka cewa ƙarafa girma suke yi a cikin ƙasa kamar yadda hatsi ke nuna a gona, kuma zinariya ce wadda ta kai ga cikar nuna, shi ya sa ba ta tsatsa, wuta ma ba ta cin ta. A wurinsu dalma ɗanyar zinariya ce, ko zinariya marar lafiya, aikin gwani kuwa shi ne ya gaggauta a cikin tukunya abin da ƙasa ke ɗaukar dubban shekaru tana yi. Abin da zai yi wannan aiki shi ake kira iksiri, ko dutsen masu hikima, kuma sun ce ƙanƙani daga cikinsa ya isa ya juyar da ƙarfe mai yawa, kamar yadda ɗan tsami ke mayar da ƙwaryar madara kindirmo.

Misira, Sin da Indiya

Tsofaffin takardun da aka tono a Misira, na wajen ƙarni na 3 miladiyya, cike suke da dabarun maƙeran fari: yadda ake rina tagulla ta yi kama da zinariya, da yadda ake ƙara wa azurfa yawa. A wajen shekara ta 300 Zosimus, mutumin garin da yanzu ake kira Akhmim, ya haɗa wannan sana'a da falsafa da addini. Ya bayyana kayan aiki dalla-dalla, har da tukunyar da ake girkawa a cikin ruwan zafi, wadda ake danganta ƙirƙirarta ga Maryam Bayahudiya, sannan ya ba da labarin mafarkansa, inda ya ga ana yanka wani limami ana ƙona shi har ya koma ruhi. Tun daga nan aka riƙa magana a kan ƙarfe kamar mai jiki da rai, wanda sai ya mutu sannan ya tashi.

A Sin kuwa rashin mutuwa aka fi nema. Mabiya addinin Tawo, irin su Ge Hong da ya rasu a 343, sun dogara da wani jan dutse wanda idan an ƙona shi zaiba ke fita, idan kuma aka haɗa zaibar da farar wuta sai jan ya dawo. Guba ce suke haɗawa, kuma sarakuna da dama na daular Tang sun mutu sanadin shan ta. A cikin irin waɗannan gwaje-gwaje aka gano albarushi a wajen ƙarni na 9. Daga baya alkimiyar ciki ta yi ƙarfi, inda jikin mutum ne murhu, numfashi da natsuwa su ne wuta. A Indiya an ɗauki zaiba a matsayin ƙwayar halittar Shiba, ɗaya daga cikin allolin Hindu, ana fatan ta ƙarfafa jiki har mutum ya sami 'yanci tun yana raye, kuma Albiruni ya ba da labarin wannan fanni a littafinsa kan Indiya a wajen 1030.

A hannun Musulmi

A nan fannin ya fi bunƙasa. Ana ruwaito cewa Khalid ɗan Yazidu, ɗan gidan sarautar Umayyawa, shi ya fara sa a fassara littattafansa zuwa Larabci. Sunan da ya fi fice shi ne Jabir ɗan Hayyan, wanda aka ce ya zauna a Kufa ya rasu wajen 815, ko da yake masu bincike na ganin ɗaruruwan littattafan da ke ɗauke da sunansa aikin mutane da yawa ne. A cikinsu aka shimfiɗa ra'ayin cewa kowane ƙarfe ɗa ne na farar wuta da zaiba, bambancin kawai a tsarkinsu ne da yawan kowanne, kuma da ilimin mizani, wato awon zafi da sanyi da danshi da bushewa, za a iya daidaita haɗin. Abubakar Arrazi, likitan Rayyu da Bagadaza da ya rasu a 925, ya rage maganar ɓoye, ya kasa sinadarai gida-gida, ya lissafa kayan aiki, har littafinsa ya yi kama da jagoran ɗakin gwaji na yau.

Amma ba a rasa masu musu ba. Alkindi ya ƙaryata juyar da ƙarfe, Ibn Sina ya ce iyakar abin da ake yi rini ne, ainihin ƙarfen yana nan yadda yake, Ibn Khaldun kuma ya ware fasali a Muƙaddima yana rushe da'awar, yana nuna cewa da yawa daga masu yin ta maha'inta ne da ke lulluɓe tagulla da azurfa. Wasu masu tafsiri sun ce da alkimiya Ƙaruna ya tara dukiyarsa, Ibn Kasir ya raunana wannan magana.

Abin da ya fi daɗewa shi ne abin da Sufaye suka ɗauka daga fannin. Harshen ma a shirye yake: Suratur Ra'ad ta buga misali da kumfar da ke tasowa a kan ƙarfen da ake narkawa don ƙera kayan ado, hadisi ya ce mutane ma'adinai ne kamar na zinariya da azurfa, kalmar fitina kuwa asalinta a Larabci sanya zinariya a wuta ne don a gane mai kyau. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, kuma ake karanta Ihya'unsa a zaurukan birnin Zazzau har yau, ya sa wa taƙaitaccen littafinsa na Farisanci suna Kimiyar Sa'ada, yana nufin cewa alkimiya ta gaskiya ita ce raba zuciya da ɗabi'un dabba a ƙawata ta da na mala'iku. Haka kuma jar farar wuta, alkibritul ahmar, wadda aka ce ita ce iksirin da ba a cika samu ba, ta zama laƙabin babban waliyyi irin Ibn Arabi, domin zama da shaihin tarbiyya yana juyar da almajiri.

Turai

A 1144 Robert na Chester ya kammala fassara littafin alkimiya na farko daga Larabci zuwa Latin. Hukumomi sun yi ɗari-ɗari da ita saboda tsoron jabun kuɗi: Fafaroma John na 22 ya hukunta masu zinariyar ƙarya a 1317, Ingila ta haramta ninka zinariya da azurfa daga 1404 zuwa 1689. Duk da haka aikin bai tsaya ba. Likita Paracelsus, da ya rasu a 1541, ya karkatar da ita ga haɗa magani, Hennig Brand ya gano sinadarin fosfuras a birnin Hambug na Jamus a 1669 yana dafa fitsari don neman iksiri, Isaac Newton kuma ya bar rubuce-rubucen alkimiya masu kalmomi kusan miliyan 1. Kiristoci sun kwatanta matakan aikin, daga baƙi zuwa fari zuwa ja, da mutuwa da tsarkaka da tashi. Littafin da masanin kimiyya Bafaranshe Lavoisier ya fitar a 1789, wanda ya jera sinadaran asali da ba sa rarrabuwa, shi ya rufe wannan babi.

A 1944 masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya fassara hotunan alkimiya da cewa hoton abin da ke gudana a cikin ran mai aikin ne. Ra'ayin ya yaɗu, amma ya wuce gona da iri, domin masana tarihi irin su Lawrence Principe sun maimaita wasu gwaje-gwajen sun tarar cewa sunaye kamar koren zaki laƙabin sinadarai ne na zahiri. Mafi adalci a ce mutanen nan suna zuga wuta da gaske, suna kuma addu'a da gaske, ba su ga abin da ya raba biyun ba.

A zamanin yau

Yanzu an san cewa yawan ƙananan ƙwayoyin da ake kira furoton a tsakiyar ƙwayar zarra ne ke bambanta ƙarafa: zinariya 79, zaiba 80, dalma 82, kuma wutar maƙera ba ta taɓa wannan wuri. Na'urar nukiliya ce ke iyawa. A 1980 Glenn Seaborg da abokan aikinsa a Amurka sun juyar da ƙwayoyin ƙarfen bismut kaɗan zuwa zinariya, da tsadar da ta ninka darajarta nesa ba kusa ba. A Zariya ma, tun 2004 Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanar da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike, ta farko a Nijeriya, wadda ake gano sinadaran da ke cikin duwatsu da ƙasa da ita. Idan aka sanya ɗan falle na zinariya a irin wannan na'ura, kaɗan daga ƙwayoyinsa kan kama niyutiron, wata ƙaramar ƙwaya da na'urar ke fitarwa, sannan cikin 'yan kwanaki su rikiɗe su koma zaiba.