Gwajin Ƙarfin Gani

Gwajin ƙarfin gani shi ne dabarun da likitocin ido ke bi su auna yadda ciwo ya rage wa mutum gani, ko yanar ido ce ko hawan jinin ido ko ciwon suga da ya taɓa ido.

Tarihi

Allon nan mai ƙaton harafi a sama da ake ratayawa a bangon asibitocin Jos, wani likita ɗan ƙasar Holan ne, Herman Snellen, ya fito da shi a 1862 a garin Utrecht. Mutum ya tsaya nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya yi ta karantawa har inda haruffan suka dushe masa, in ya kai layin 6/6 a ce ganinsa lafiya lau, a Amurka 20/20 suke cewa don da ƙafa suke awo. Wanda bai yi boko ba akwai allon E mai juyawa, za ka ga tsohuwa ta miƙa yatsu uku tana nuna inda ƙafafun harafin suka dosa.

Sai dai allon Snellen na da gyara, layin sama harafi ɗaya, na ƙasa cunkus, tazarar layukan ba daidai ba, shi ya sa ƙaramin canji ke wuce likita. A 1976 Ian Bailey da Jan Lovie a Ostareliya suka tsara allo mai haruffa biyar a kowane layi, wanda ake kira logMAR, daga shi aka samu allon ETDRS, wanda ake amfani da shi wajen bincike, a 1982. Da irin waɗannan gwaje-gwajen, binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce kan gaba, hawan jinin ido na biye.

Faɗin gani

Nan ne allo ya gaza, kuma abin tausayi ne wallahi, don hawan jinin ido daga gefe yake fara cin gani, mutum na karanta 6/6 amma bai ganin ɗan acaɓan da ya taho ta gefensa. Wajajen 1945 Hans Goldmann a Suwizalan ya ƙera na'ura mai kamar ƙwarya da ake haska ɗigon haske a ciki, yau kwamfuta ke wannan aikin, majiyyaci ya danna maɓalli duk lokacin da ya ga haske.

Halin yanzu

Na'urar OCT da aka fara bayaninta a 1991 na ɗaukar hoton jijiyar ido, manhajar waya ta Peek Acuity mai auna ƙarfin gani kuma an gwada ta a Kenya. Ko waya za ta maye gurbin allo, likitoci ba su daidaita ba.